Tun da Na Sha Maganin Olsa Nake Ƙiba, Ko Ƙwayoyin Cikina Ne Suka Lalace?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai shekara 34 da 'ya'ya uku, autana ya shekara biyu da rabi. Na daɗe ina fama da gyambon ciki, har bara aka gwada ni aka ce ina da ƙwayar H. pylori. Likita ya ba ni magunguna kala uku na sha mako biyu, alhamdu lillahi ciwon ya lafa. To amma tun daga nan jikina ya buɗe. Cikin wata takwas na tashi daga kilo 78 zuwa 87, tsayina kuwa mita 1.60 ne. Yunwa ba ta barina, kuma don tsoron kada olsar ta dawo ba na yarda cikina ya zauna ba komai, ko da dare sai na haɗa shayi mai kauri da burodi kafin in kwanta. Maigida ya fara yi mini ba'a a gaban yara, wai ƙofar ɗaki ta kusa yi mini kaɗan. Surukata kuma cewa take hutu ne ya karɓe ni, kullum tana aiko mini da soye-soye. Wata ƙawata mai sayar da kayan rage ƙiba ta ce maganin da na sha ne ya kashe ƙwayoyi masu kyau na cikina, miyagun suka yi yawa, don haka sai na sayi shayin wankin ciki da kafso mai ƙwayoyi masu rai, naira dubu 60 na wata uku. Ƙanwata ta ce ba sai na kashe kuɗi ba, in riƙa shan Flagyl mako guda a kowane wata, zai kashe miyagun, har na yi hakan sau biyu. Shin da gaske ƙwayoyin ciki suna sa ƙiba? Kuskure na yi da na sha maganin olsar? Wallahi ni kaɗai nake kukana, na rasa na kamawa.

Wata baiwar Allah, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, sannu kuma da haƙuri. Mutum huɗu ne suke miki magana a kan jikinki, kowa da tasa fassarar, ke kuma da kike cikin jikin ba wanda ya tsaya ya tambaye ki yadda kike ji. Dole zuciya ta yi nauyi. Bari in fara da amsa biyu a taƙaice kafin dogon bayani. Ba ki yi kuskure ba da kika sha maganin olsa. Flagyl kuwa ki ajiye shi daga yau, kada ki yi zagaye na uku.

Ƙanwarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma maganin nan ba ya tantance mugu da nagari. Aikinsa kashe ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska, su ne kuwa mafi yawan mazauna babban hanji, har da waɗanda kike neman su dawo. Bayan mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawancin ƙwayoyin hanjinsa kan farfaɗo cikin wata ɗaya zuwa biyu, wasu 'yan nau'o'i kan haura wata shida ba su dawo ba. Ke kuwa duk sanda suka fara miƙewa sai ki sake kwantar da su. Ga shi yawan shansa na sa ɗacin ƙarfe a baki da tashin zuciya, in aka daɗe ana sha yana taɓa jijiyoyi har tafin hannu da ƙafa su riƙa dindiris. Sannan irin wannan shan barkatai ne ya sa a ƙasashenmu H. pylori da yawa ba ta jin Flagyl, ranar da likita zai buƙace shi da gaske sai a tarar ya zama ruwa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ita H. pylori ba baƙuwa ba ce. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a Najeriya kuwa mafi yawan manya na da ita, galibi tun suna yara suka ɗauka ta ruwan sha da abinci da yawu. Tumbi wuri ne mai tsananin tsami da ƙwayoyi kaɗan ne ke iya zama a cikinsa, ita kuwa sai ta nutse cikin majinar da ke rufe bangonsa, ta riƙa fitar da wani sinadari da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, cikinsa ya kamu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kafin su, gyambon ciki ciwo ne na har abada da ake ta lallaɓawa da madara. Tun 1994 kuma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar nan cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar tumbi. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa samun wata matsala, amma wadda ta riga ta yi gyambo kamarki, kashe ƙwayar shi ne daidai, don gyambo na iya zubar da jini ko ya huda tumbi. Ƙiba ana iya sauke ta a hankali, tumbin da ya huje kuwa sai tiyatar gaggawa.

Abin da kika lura da shi game da yunwa gaskiya ne, ba tunaninki ba ne kawai. Bangon tumbi na fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Idan H. pylori ta daɗe tana kumbura bangon, sassan da ke fitar da shi kan raunana. Da an kashe ta bango ya warke, sai girelin ya ƙaru a jikin wasu mutane, abinci ya dawo da daɗinsa, ga shi ba zafin da ke katse ci a tsakiya. Sai dai ki dubi girman abin. A wani babban gwaji da aka yi a birnin Bristol na Ingila, aka wallafa a 2011, waɗanda aka ba maganin kashe ƙwayar sun fi waɗanda aka ba maganin bogi ƙara nauyi da kimanin rabin kilo da ɗan ɗoriya bayan wata shida. Wasu sun fi haka, wasu ba su ƙara komai ba. Naki kilo tara ne. Ƙwayar na da hannu, amma hannunta bai kai nan ba.

To ina sauran ya fito? Yana cikin wasiƙarki. Kilo guda na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, kusan 7,700. In aka raba kilo tara a kan wata takwas, a ƙiyasce ƙarin kalori 300 ne kacal a rana. Kwalbar lemo ta santilita 50 na da sukari sama da giram 50, wato ƙananan cokula goma sha biyu zuwa sha uku, kalori 200 da wani abu. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Kofin shayi mai madara da sukari cokali uku tare da burodi mai kauri yana iya haura 400 shi kaɗai. Kin ga ba sai mutum ya zama acici ba, shayin dare ma ya isa. Kuma ba kwaɗayi ya kai ki gare shi ba, tsoro ne. Maganar nan da ta zama ruwan dare, cewa mai olsa kada ya bar cikinsa ba komai, ta samo asali ne daga lokacin da gyambon ke ɗanye, abinci yana ɗan kwantar da zafi. Yunwa ba ta haifar da gyambo. Manyan masu haifar da shi biyu ne, ƙwayar nan da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda ke cike cikin haɗin da ake ƙulla wa mutane a kemis. Madarar da ake sha don ta kwantar da ciki ma sanyinta na ɗan lokaci ne, daga baya tana sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Cin abinci a kwanta nan take kuma shi ke kawo ƙwarnafi da zafin ƙirji, mutum ya ɗauka olsa ce ta dawo, ya ƙara ci.

Tsoron nan ba zai bar ki ba sai kin tabbatar ƙwayar ta mutu, kuma ba ki ce an sake gwada ki ba. Maganin kala uku ba ya aiki ga kowa. Ki koma wurin likitanki ki nemi gwajin bayan gida na H. pylori, ko gwajin numfashi in akwai shi. Sharaɗi biyu ne: ya zama kin yi aƙalla mako huɗu rabonki da kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, har da Flagyl ɗin nan, kuma kin yi mako biyu ba ki sha maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole da danginsa ba, in ba haka ba gwajin zai iya nuna babu alhali akwai. Kada ki yarda da gwajin jini a nan, domin jini kan ci gaba da nuna alamarta shekaru bayan ta mutu, mutane da yawa an sake ɗura musu magani a banza ta wannan hanya. In sakamako ya nuna ta tafi, kin samu izinin kwana da ciki sakayau. In tana nan, likita zai canza haɗin, kuma ki gaya masa kin sha Flagyl don ya san abin da zai zaɓa.

Yanzu ga maganar ƙawarki, wadda ta haɗa gaskiya da talla. Taron ƙwayoyin da ake dangantawa da ƙiba ba a tumbi suke ba, a babban hanji suke. Wani lissafi na 2016 ya ƙiyasta ƙwayoyin bakteriya a jikin babban mutum sun kai tiriliyan 38, kusan dukkansu a can, nauyinsu gaba ɗaya kamar giram 200. Abincinsu shi ne abin da ƙaramin hanjinmu ya kasa narkarwa, wato fiba: dusar hatsi, ɓawon wake, zare-zaren ganye, yauƙin kuɓewa. Suna ruɓar da shi su fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji, su rage kumburi, su kuma zaburar da sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A ɗakin binciken Jeffrey Gordon a birnin St. Louis na Amurka aka yi gwaje-gwajen da suka tayar da wannan zance. A 2004 an ɗauki ɓerayen da aka raina ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsu, aka zuba musu ƙwayoyin ɓeraye na yau da kullum, cikin mako biyu kitsensu ya ƙaru da kashi 60 cikin 100 alhali cinsu ya ragu. A 2013 an nemo tagwayen mutane, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, aka sa ƙwayoyin hanjinsu cikin ɓeraye, waɗanda suka samu na mai ƙiba suka fi tara kitse. Masu talla a nan suke tsayawa. Ba sa ƙarasa cewa da aka haɗa ɓerayen a keji guda, ƙwayoyin siririyar sun iya mamaye hanjin ɗayan ne idan abincin mai ganye da 'ya'yan itace ne, maras kitse da yawa. Da aka ba su abinci mai maiƙo maras fiba, ƙwayoyin ba su kama ba. Ba sa kuma faɗin abin da ya faru da aka gwada a mutane. A Holan da Amurka da New Zealand an ɗauki ƙwayoyin hanjin sirara aka sa wa masu ƙiba, wasu ta bututu wasu ta kafso. A gwajin Amsterdam na 2012 jikin waɗanda aka yi wa ya ɗan fi karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, bayan mako shida, amma a dukkan gwaje-gwajen nan sikeli bai motsa yadda za a ce an samu magani ba.

In dashen ƙwayoyi kai tsaye daga mutum zuwa mutum bai sauke nauyi ba, me kafso zai yi? Idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan irin waɗannan kafso, matsakaicin abin da aka rage bai kai kilo ɗaya ba, kuma ƙwayoyin kan wuce su fita da zarar an daina sha. Halittu ne masu rai, da yawansu ba sa jure zafi, ki yi tunanin kwalin da ya kwana a but ɗin mota a watan Afrilu. Shayin wankin ciki ya fi damuna. Yawancinsu ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa suke sawa, abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda yake. In aka lizimce shi yana zubar da gishirin jiki irin su fotasiyam, wanda bugun zuciya ke buƙata, hanji kuma ya saba har ya ƙi motsi sai da shi. An sha kama wasu kayan rage ƙiba a ƙasashe da dama an ɓoye musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko kin ga lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ki karanta ƙananan rubutun, galibi za ki ga an rubuta hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ki riƙe dubu sittin ɗinki.

Ƙwayoyin hanji kamar kiwo suke, abin da kika zuba a kwami shi ke nuna wanda zai hayayyafa, kuma suna fara sauyawa cikin kwanaki kaɗan da sauya abinci. A 2010 masu bincike daga Italiya sun kwatanta yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen gero da dawa da wake da ganye suke ci, abincin da kakanninmu suka sani, kuma an same su da nau'o'in ƙwayoyi masu yawa, ciki har da masu narka dusa waɗanda babu su a hanjin yaran Turai, da ƙarin sinadaran nan masu amfani. A wani gwaji na 2023 a Amurka, an ba mutane abinci kala biyu masu kalori daidai wa daida, ɗaya mai fiba da hatsi cikakke, ɗaya sarrafaffe. A kan mai fiba, kalori 116 a matsakaici yana ficewa ta bayan gida kowace rana fiye da ɗayan. Ba wani abu mai yawa ba ne a rana guda, amma a shekara yana da auki, ga ƙoshin da yake riƙe mutum. Ra'ayina ke nan a kan batun gaba ɗaya: ƙwayoyin na da tasiri, tasirin matsakaici ne, kuma ta kwanon abinci ake isa gare su.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla giram 25 na fiba a rana. Ki fara da tuwo. Surfe yana cire dusa, dusar kuwa ita ce abincin ƙwayoyin. Ki wanke dawa ko gero sosai, ki tsince tsakuwa da duk wanda ya yi funfuna, ki shanya ya bushe, a niƙa ba surfe. Tuwon zai fi duhu da kaushi, yara za su iya yin tawaye, don haka a makonnin farko ki haɗa rabi surfaffe rabi maras surfe. Ki niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai, musamman gero, domin man da ke cikin dusarsa na sa gari ya yi ɗaci da wuri. Malmala guda daidai dunƙulen hannunki ta isa, miyar ta fi tuwon yawa: kuka, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, lalo, da daddawa a ciki. Mai kuwa ki daina tuttulawa daga galan, ki auna da cokali, ki lissafa kusan babban cokali guda ga kowane mutum a tukunya. Wake shi ne babban jarinki, kofi guda na dafaffe yana ba da giram goma ko sama da haka. In za ki yi shinkafa da wake, waken ya kai rabi ko ya fi. Alale ya fi ƙosai saboda ba suya, gurjiya dafaffiya da dambun zogale da faten acha da kwaɗon rama duk suna cikin layi, sai dai a yi hattara da man da ake kwarara wa kwaɗo da garau-garau. Abin da ke sa mutane su daina shi ne kumburin ciki da yawan iska a makon farko. Ƙwayoyin ne suka samu aiki fiye da yadda suka saba. Ki jiƙa wake ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa ya yi luguf, ki fara da rabin kofi, ki riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ki sha ruwa sosai, in ba haka ba fiba na iya ƙulle ciki maimakon ta sake shi.

In ƙwayoyi masu rai kike so, kindirmo na da su a farashi mai sauƙi. Wani gwaji a Jami'ar Stanford a 2021 ya nuna mutanen da suka yawaita cin abinci mai tsami irin wannan na mako goma, nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Kofi guda a rana, ba sukari, kuma ki tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtuka. Yogot ɗin roba mai zaƙi kusan lemo ne a wajen sukari. Koko da daddawa wuta na kashe ƙwayoyinsu, abinci ne masu kyau amma ba ta wannan fuska ba. Fura kuwa dunƙule guda da nono abinci ne cikakke, a sha ta a madadin abincin rana, ba a kora tuwo da ita ba.

Shayin dare kada ki yanke shi rana guda, tsoro zai mayar da ke. Mako na farko ki cire burodin ki rage sukari zuwa cokali ɗaya, mako na biyu ki mayar da shi ruwan ɗumi ko rabin kofin kindirmo, ki kuma bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Idan yunwa ta taso tsakanin abinci, gwaiba, yalo, karas, kokwamba ko ɗan tafin gyaɗa sun fi biskit. Ki nemi barcin awa bakwai, ƙarancin barci ma yana ɗaga girelin ɗin nan. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko a tsakar gida ne kina zagaye, ta cika minti 150 da ake so.

Ranar da za ki je gwajin, ki roƙi likita ya auna hawan jini da sukarin jini, don nauyinki da tsayinki sun ba da 34 a ma'aunin ƙiba da likitoci ke amfani da shi, ƙiba kuwa daga 30 take farawa. Ki auna ƙugunki da tef ɗin tela, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan kin fitar da numfashi. Ga mace haɗari na farawa daga santimita 80, yana tsananta daga 88. Ki kai masa duk abin da kike sha. Allurar tsarin iyali ta wata uku na ƙara wa wasu mata nauyi, in kina yi kada ki daina da kanki, ki nemi a duba miki wata hanya. Dexamethasone da prednisolone da magungunan buɗe ciki irin na sha ka fashe suna kumbura mutum, wani lokaci suna ɓoye cikin haɗin kemis ko maganin sanyi ba tare da mai sha ya sani ba. In kina yawan jin sanyi da kasala, ko al'adarki ta rikice, ko gashi na fito miki a haɓa, ki faɗa, akwai gwajin tayirod da na ƙwan mace da zai iya nema.

Maigida kuma, ba'ar da yake yi ba daidai ba ce, a gaban yara kuwa ta fi muni, don gobe su ma za su ɗauka. Mai yiwuwa damuwa ce yake nunawa ta hanyar da bai iya ba, maza da yawa sun fi iya zolaya a kan su ce hankalina ya tashi. Hakan bai wanke shi ba, amma ya nuna inda za a kama shi. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ba a kan abinci ba, ba kuma nan take bayan ya yi ba'ar ba. Ki ce masa, Abban yara, maganar ƙofar nan tana yi mini ciwo, har kuka nake yi, ni ma abin ya dame ni kuma na fara neman mafita, taimakonka nake so. Sai ki ba shi aiki takamaimai, don namiji ya fi gane wannan: ya raka ki asibiti, ya sauya cefane, wake da dawa da ganye su ƙaru, lemon kwalba da burodin dare su ragu, ku riƙa tafiya tare bayan sallar asuba ko isha'i. Kunyata mai ƙiba ba ya rage masa nauyi, sau da yawa ma ƙara tura shi ga abinci yake, wannan ki bari likita ya faɗa masa da bakinsa. Tef ɗin telan kuma ki ajiye kusa, ga namiji layin santimita 94 ne, wataƙila aikin ya zama na mutum biyu. In kin yi magana sau biyu ko uku bai daina ba, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya ja masa kunne cikin sirri.

Hajiya surukarki ta taso a zamanin da ramar matar ɗa abin kunya ce ga gida, soye-soyenta ƙauna ce. Kada ki mayar mata da kwano, kada kuma ki yi mata lacca. Ki karɓa ki yi godiya, ki ɗanɗana, ki raba wa yara da maƙwabta. Sai wata rana ki ce, Hajiya, likita ya ce in koma abincin da, ni kuwa ban iya dambu da kwaɗo irin naki ba, ki koya mini. Duk abincin da na lissafa miki ta fi ni da ke saninsa, kuma babu tsohuwar da ba ta son a ce hannunta ake nema. In ta dage a kan hutu ne, hadisin nan na kason abinci da kason ruwa da kason numfashi ta san shi sarai. Ƙawarki wataƙila ta yarda da hajarta, amma tana da riba a ciki, ba ita za ta zama alƙali ba. Ki ce mata likita ya hana ki shan komai sai an gama gwaji, magana ta ƙare ba a ɓata ba. Ƙanwarki kuma ki tambaye ta ko ita ma tana sha, ko tana ba yaranta maganin kashe ƙwayoyin cuta duk sanda mura ta kama su. Mura ba ta jin irin wannan magani, kuma bincike da dama ya nuna yaran da aka yawaita ba su shi kafin shekara biyu sun ɗan fi saurin yin ƙiba daga baya.

Kada ki sa wa kanki burin komawa jikin budurci. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, wato kilo huɗu zuwa tara cikin wata shida, ya isa ya sauko da hawan jini da sukari, ya sauƙaƙa wa gwiwa. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, sikeli guda, domin nauyi na hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa, musamman gab da al'ada. In wata shida ya cika kina kan hanya amma ba canji, ki koma a sake duba ki, a haɗa ki da masanin abinci. Akwai allurar rage ƙiba irin semaglutide da ke aiki da gaske, amma tana da tsada, jabunta ya yi yawa, nauyi kan dawo in an daina, kuma likita ne ke rubuta ta, ba a saye a WhatsApp. Kukan da kike yi ke kaɗai ma ki ambata masa, in ya haura mako biyu yana hana ki barci ko walwala, shi ma abin dubawa ne. Idan kuwa kika ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, ko abinci na tsaya miki a maƙoshi, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, kada ki jira ranar gwaji, a ranar ki tafi asibiti. Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigida.